Jinina ya sauka, amma ban ajiye ƙwayar ba

Ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye kusa da Auyo, kuma ina fama da hawan jini. A ƙaramin asibitin garinmu aka gano shi, ranar da na je da wani ciwo daban. Ma'aikaciyar ta ɗaura mini abin awo a damtse, ta ce in dawo wata rana a sake gwadawa. Da na koma awon jinina ya sake haura 140 bisa 90, sai aka ɗora ni a kan amlodipine, miligiram 5, ƙwaya ɗaya a rana. Ina shan ta ne da na dawo daga sallar asuba, don kada in manta.

Akwai maganar da nake yawan ji a majalisarmu ta bayan la'asar, kuma tana tayar mini da hankali: "Ai jinina ya sauka, na daina sha." 'Yan uwa, ƙwayar ce ta saukar da shi. Ka ajiye ta, zai koma inda yake, kai kuwa ba za ka ji komai a jikinka ba, domin yawanci hawan jini ba ya zuwa da ciwon kai ko jiri. Mutum yana gonarsa garau, sai a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙoda ta lalace, ko zuciya ta gaza. Na ga dattijon da ya fi ni ƙarfin noma ya koma sai an kwantar an tayar, kwalin maganinsa kuma na nan cike a kan taga. Har yau abin na ci mini rai.

Ban ce maganin ba ya da tasa matsalar ba. Ni ƙafafuna sun ɗan kumbura, da na koma asibiti aka ce sananne ne ga amlodipine, aka duba ni, na ci gaba. Wani abokina lisinopril ya sa shi busasshen tari, aka canza masa da losartan. Masu shan mai sa fitsari kuma, irin hydrochlorothiazide, su kula da zafin bazara: gumi ya yi yawa, ka miƙe da sauri, sai jiri. Duk wannan komawa asibiti ake yi a faɗa, ba jefar da magani ba.

Inda muke cutar kanmu mu manoma shi ne lokacin dashe da girbi. Ƙugu ya riƙe, sai a aiki yaro kemis ya karɓo haɗi. A irin haɗin nan sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen, su kuwa suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin, suna wahalar da ƙoda. Ni paracetamol nake sha, in bai yi ba in je a duba ni. Jiƙe-jiƙen da ake talla da lasifika ranar kasuwa kuwa ba na haɗa su da ƙwayata, tunda ban san abin da ke ciki ba.

Kwanaki maƙwabcina ya ce, "Malam, ɗan sam mini guda, kaina ke sarawa." Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, gobe in ɗauke ka a babur a auna ka." Maganin wani ba na wani ba ne. Ga mai ciki ma abin ya fi haɗari, don lisinopril da losartan suna cutar da abin da ke cikin. Masu ciki akwai nasu, kamar methyldopa, a wurin awon ciki.

In na manta da shan ƙwayata har lokacin ta gaba ya kusa, ba na haɗa biyu. Kafin azumi na je na tambaya, aka ce in mayar da ita sahur. Uwargida ta rage gishiri da dunƙule ta ƙara daddawa, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan.

Na kuma gaya wa yarana: ranar da suka ga bakina ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada su tsaya turare ko neman mai magani. Su nemi mota nan take sai babban asibitin Haɗeja, su tafi da kwalin maganin da katina.