Notin da ya cinye mini ranar Asabar

Fulogi kawai na yi niyyar canzawa. Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2005 mai silinda huɗu, kuma na sha tsayawa a kan bakanike yana wannan aiki har na ce a raina, wai me ke ciki? Kowane fulogi da kwayil ɗinsa mai ba shi wuta a kansa, noti ɗaya mai lamba 10 ke riƙe da shi. Na sayo sababbin fulogi huɗu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ranar Asabar da hantsi na ɗaga bonet a ƙofar gida.

Biyu sun tafi lafiya lau. A na uku na zare tsohon fulogi, notin kwayil kuwa na ɗora shi a kan murfin inji don son sauƙi. Gwiwar hannuna ta goge shi. Na ji ƙil, ƙil, sai shiru. Ƙofar gidan daɓen siminti ce, da ya kai ƙasa da na ji.

Gabana ya faɗi, don ramin fulogin nan a buɗe yake, kuma kai tsaye yake zarcewa cikin silinda. Ƙarfe in ya shiga nan aka tayar da mota, fistin zai yi ta dukansa da kan inji, aikin 'yan dubbai ya koma na sauke inji. Na haska tocila a ramin, wayam. Sai a lokacin na cusa masa tsumma, abin da ya kamata in yi tun farko.

Na yi rarrafe a ƙarƙashin mota, na bubbuga ledar da ke tare ƙasan inji, na jijjiga motar. Babu. Da rana ta take sai zuciya ta fara raya mini cewa noti ai ba tsada, in sayi wani in manta. Maƙwabcinmu, dattijo ne da ya daɗe yana tuƙin babbar mota, yana zaune a dakalinsa yana kallona tun ɗazu.

"Malam, kada ka kuskura ka murɗa makullin nan," in ji shi. "Ba kuɗin notin ba ne, inda ya kwanta ne. In ya gangara cikin fanbel ko altaneta fa?"

"To Baba, ya zan yi?"

Ya ce kafin komai in cire wayar baturi mai alamar ɗebewa. Ni dai na yi ne don girmamawa, sai daga baya na gane dalili.

Ɗana na aji uku a sakandare shi ya gano shi. Ya kunna bidiyo da fitilar wayata, ya zura siririn hannunsa tsakanin bututan roba da ke kai wa inji iska, ya jujjuya. Muka zauna a inuwa muna kallo. Can sai ga shi yana ƙyalli, kwance a kan sitata, dab da inda ƙatuwar wayar wuta daga baturi take ɗaure. Da na zura ƙarfe a wurin alhali baturi yana haɗe, da tartsatsi ne zai tarbe ni.

Gani daban, ɗauka daban. Muka fasa lasifikar wata tsohuwar rediyo muka ciro mayen ƙarfenta, na ɗaura gutsure a bakin waya. Jikin injin alminiyam ne, ba ya kama shi, amma duk wani ƙarfen da ke kan hanya sai ya cafke, ƙaf, kafin ya isa ga notin. Sau wajen goma ina zurawa ina fizgowa, bayan hannuna duk ya kurje.

Baba ya taso da kansa, ya sa aka yanko guntun tiyon ba fulawa ruwa, ya cusa mayen ƙarfen a bakinsa har ya ɗan nutse, ya naɗe da salatif. Yanzu gefe roba ne, baki kaɗai ke ja. Ya miƙo mini. Na zura a hankali, yaro na riƙe da tocila, har na ji ɗan "tak". Na riƙe numfashi na jawo shi kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi.

Ana kiran la'asar na ɗaure kwayil na huɗu. Wannan karon notin yana cikin gwangwanin madara a ƙasa, ramin kuma da tsummansa. Tiyon yana nan a but, kusa da jak. Baba ya riga ya aro shi sau ɗaya, makullinsa ya faɗa kwata.