Ku Dubi Lamba ta Shida Kafin Ku Ce Guba Ce

Jiya na tsaya a bayan wata yarinya da ke koyon sa lambobin cututtuka na ICD-10-CM, tsarin da asibitocin Amurka ke aiki da shi. Majinyacin mai sankara ne, fararen ƙwayoyin jininsa sun ragu bayan kemo, wato maganin sankara, sai na ga ta rubuta T45.1X1A. Gabana ya faɗi, domin wannan ramin na daɗe ina faɗawa.

Wannan 1 ɗin da ke gurbi na shida guba ce bisa kuskure: an ba mutum maganin da ba nasa ba, ko an zarce ƙima. Nan kuwa likita ya rubuta daidai, an bayar daidai, jiki ne ya jigata. Lambar 5 ce, wato illar magani, T45.1X5A, kuma ba ita ke shiga gaba ba. D70.1, lambar raguwar fararen ƙwayoyin jini saboda kemo, za a fara sa wa, T ta biyo baya, a haɗa da lambar sankarar. Sai a guba T ke zama ta farko. Duk fayil ɗin da na sa wa 1, na ɗora wa likita laifin da bai yi ba. Zan iya cewa teburin magunguna da ake neman lambar a ciki layi shida ne a jere, ido na iya zamewa, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Gaskiya ne. Amma ƙa'idojin suna nan a rubuce, ni ne ban buɗe ba.

Kuskurena na biyu ya fi muni. Da D84.821 ta shigo a Oktoban 2020, wato raunin garkuwar jiki saboda magani, na riƙa manna ta wa duk mai shan prednisolone, wani nau'in sitiroid. Ba aikina ba ne in yanke wannan hukuncin. Idan likita bai rubuta cewa garkuwar ta raunana kuma maganin ne sanadi ba, abin da ke hannuna Z79.52 ce kawai, shan sitiroid na dogon lokaci.

Na zo da shawarwari da yawa, amma biyu sun isa. Abin da likita bai rubuta ba, ku tambaye shi. Kada kuma ku dame shi da abin da ke cikin littafi, ku karanta! Ku yaran yanzu waya kawai kuke latsawa, lambar da ta fara fitowa ita ce taku. Har a fayil ɗin asibitin Najeriya na ga an sa D84.821, alhali ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya ba shi da ita, illar magani a can tsakanin Y40 da Y59 ake neman ta.