Godiya ga duk wanda ya sa hannu a adon sallar yaran layinmu

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.

Tun ranar hawan Daushe nake son rubuta wannan, gajiya ta hana ni. Yau da na share tsakar gida na kwashe ɓawon kara har buhu biyu, sai na ce in ban sauke nauyin nan yanzu ba, Babbar Sallah za ta riske ni da bashi a wuya. Yawancin waɗanda zan gode wa sun ce kada in kama suna, aikin azumi ne, a wurin Allah suke neman ladansu. Na ji, na bi. Amma ba su hana ni faɗin abin da suka yi ba, kuma duk ɗan layinmu zai gane mai shi.

Ga yadda abin ya samo asali. Tun goma ga azumi da aka fara tashe, yaran layin nan suka mayar da zaurenmu wurin taro. Da daddare su fita da gwangwanayensu, da rana kuma sai rigima da kokawa, ga zafin bazara, ga mu da azumi a baki. Na ce bari in nemo musu abin yi, mu ƙawata zauren da bakin layi saboda sallah. Na shiga kasuwar Sabon Garin Zariya na tambayi kuɗin balan-balan da ƙyalƙyalin da ake ratayawa. Da na ji farashi sai na ajiye wa mai shago kayansa a hankali kamar ƙwai, na yi masa sai an jima. A hanyar dawowa, wajen Ƙofar Doka, na ga audugar rimi tana tashi a iska tana maƙalewa a mayafan mutane. A nan tunanin ya zo mini: garin da har unguwanni ake kira da sunan rimi, su Rimin Doko da Rimin Tsiwa, a ce mun rasa abin ado sai na leda?

Sai dai ni 'yar boko ce, don haka waya na fara tambaya. Na kwana ina kallon bidiyon Turawa suna ado da 'ya'yan wasu itatuwa da ba sa fitowa a ƙasarmu, suna manna su da wata 'yar bindigar gam mai aiki da wuta. Washegari na tara yara 14, na sa suka tsinto busasshen ganyen dogon yaro, muka hau mannawa a kwali. Ganye ya marmashe, gam ya ƙare, biyu suka yi faɗa a kan almakashi. Kafin la'asar saura yara biyar, su ma don sun ji ƙamshin ƙosan buɗa-baki ne.

Godiyata ta farko ga Gwaggo take. Duk abin nan tana zaune a tabarma da carbinta tana kallonmu. Sai da ta ga na zauna na yi tagumi ta ce, "Ke 'yar nan, wai me kike nema ki yi ne?" Na ce, "Gwaggo, ado za mu yi na sallah." Ta ce, "Da ganye? Akuya ce za ta zo muku yawon sallah?" Ta kwance bakin zaninta ta ba wani yaro kuɗi, ta ce ya sayo kaba.

Ni da na tashi a gidan nan ban taɓa sanin Gwaggo ta iya saƙar faifai ba. Ashe da shi ta yi wa 'ya'yanta mata biyu kayan jere, idonta ne da ya raunana ta bari. Ta jiƙa kabar a baho ta ce busasshiya karyewa take, sai ta sha ruwa take jin magana. Ta tsaga ta da farce, siri-siri, ba ta ko duba hannunta. Manyan 'yan mata ta koya musu fara cibiyar faifai, wadda ita ce mai wuyar, ƙanana kuwa ta sa su kitsa kaba uku-uku kamar kitson kalaba, har aka samu igiya doguwa da muka rataya komai a jikinta. Duk wadda ta ja da ƙarfi ta karkace saƙar, sai ta sa ta warware tun daga farko. An yi kuka. Amma washegari yara 30 suka zo, daga baya muka kai 41. Gwaggo, Allah ya ƙara girma da lafiya, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Ita ce kuma ta raba mu da wata magana da ta so ta ɓata aikin. Wani bawan Allah ya aiko cewa wannan kwaikwayon Kirsimeti ne, ba al'adarmu ba. Ni har jikina ya yi sanyi. Gwaggo ta ce a gaya masa, tun kafin a haife shi matan birnin nan suke shafe ɗakunansu da farar ƙasa in sallah ta matso, su sake jeren ƙore da fayafai a bango, in kuwa yana ganin Bazazzagi bai san ado ba, ya je ya tsaya a ƙofar fada ya ɗaga kai. Bai sake aikowa ba. Ranar jajibere ma na ga 'yarsa a cikin masu kitsa kaba.

Kawu ya kawo mana dami uku na karan dawa daga gonarsa ta bakin Galma, a kan babur, da azumi a bakinsa. Ya ce ajiyewa kawai zai yi ya wuce. Sai ya ga wani yaro yana ɓare kara yana yanke yatsa, ya karɓa ya nuna masa yadda ake zare ɓawon a bar totuwa, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a soke da tsinken ɓawon a haɗa ba tare da gam ba. Mutumin da ya ce zai wuce, sai kiran magariba ne ya tashe shi, yana tsugune cikin yara yana ƙera doki. Dawaki 12 suka yi, da mahayansu. Audugar rimin nan da na gani a hanya ita ta zama lifidi, gashin zabo ya zama tuntun kwalkwali, ƙyallayen da telan bakin layi ya tara mana suka zama jalala. Kawu, na gode. Tela, na gode, kuma ka yi haƙuri da maganar da ke ƙarshen rubutun nan.

Launi kuwa, da na so in sayo galura. Wani dattijo baduku da mahaifinmu ya yi zama da shi ya ji labari, ya zo da kansa da ƙunshi a aljihun babbar riga. Ya kwance, ga karan dafi, wanda suke rina jar fata da shi, ga bagaruwa, ga kuloko a 'yar kwalba na yin baƙi. Ya ce wa yaran, "Ku zo ku ga abin da kakanninku suka ci abinci da shi." Ya sa aka daka karan dafin aka jiƙa da ruwan toka, ja ya fito kamar jinin rago. Daga nan yara suka ɗauki abin da zafi, kowa ya ruga madafin uwarsa. Aka kawo zoɓo, aka kawo kurkur, aka kawo lalle. Wata yarinya ta jefa kanwa a ruwan kurkur, rawaya ta koma ja nan take, suka kwashe da ihu wai tsafi ne. Aka jefa a zoɓo, ya rikiɗe ya yi duhu kamar kore. Aka matsa lemon tsami, jan ya dawo. Matar yayana, Bakanuwa ce, tana gefe tana dariya wai mu Zage-zagi ko tsinke muka samu sai mun yi masa digiri. Na ce mata ai jami'a tun 1962 take a Samaru, dole ta yi naso. Gaskiyar magana, zoɓo bai kama kaba sosai ba, kwana biyu a rana ya koɗe. Karan dafi ne bai ba mu kunya ba. Mannawa kuma da ƙaro muka yi, irin wanda almajirai ke sa wa tawada, malamin makarantar allon layinmu ne ya ba mu ya ce a jiƙa tun dare. Baba, Allah ya saka da alheri. Malam, Allah ya ƙara ilimi.

Samarin cikinsu sun ce su ba za su yi faifai ba, ƙofar gari za su gina. Sau uku yumɓun yana ruftawa. Wani tsohon magini da ke wucewa masallaci ya leƙo ya ce, "Bakan gizo ba ya tsayuwa babu ƙashi." Lanƙwasar saman ƙofar yake nufi. Ya lanƙwasa musu tsinken kaba a madadin azara, ya sa suka cuɗa yumɓun da yankakkiyar ciyawa, ya murza musu 'yan tubala kamar ƙwan kurciya, ya kafa zankwaye a sama. Yana yi yana ba su labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Da ya zo kan ruftawar da wani sashe ya yi a watan Agustan 2023 ana cikin sallar la'asar, sai ya yi shiru, ya goge hannu a riga, ya yi wa waɗanda suka rasu addu'a. Yara suka shafa. Da tsinke ya zana musu dagi a goshin ƙofar kafin ya tafi.

Yanzu ga abin da ya sa har yau in na tuna gabana ke faɗuwa.

Muna shirya 'yan carbin ado da ƙwallon dabino da 'ya'yan tsamiya da na kuka, sai wani yaro ya zo da gidan ashana cike da wasu 'ya'yan itace jajaye masu ɗigon baƙi, suna ƙyalli kamar an shafa musu mai. Idon zakara. Wallahi ni na yaba, ni na ba su allura na ce su huda. Allah ya sa ranar ƙawata ta Wusasa ta zo, wadda muke tare tun muna sakandare, ma'aikaciyar jinya ce. Ta zo ne ta nuna wa yara yadda suke ɗaure tauraro da sillen kara a watan Disamba. Tana shigowa idonta ya faɗa kan faranti, ta ajiye jaka ta ce, "Wa ya kawo wannan? Kowa ya buɗe hannunsa, ya buɗe bakinsa." A bakin 'yar maƙwabciyata mai shekara huɗu aka zaro guda ɗaya. An tambaye ta ko ta haɗiye wani, ta ɗaga kai, an sake tambaya, ta girgiza.

Gida ya rikice. Wannan ta ce a ɗura mata manja, waccan ta ce nono, wata ta ce a sa mata yatsa ta yi amai. Ƙawata ta hana duka. Ta ce dafin yana cikin ƙwayar ne, in ɓawon bai fashe ba sau da yawa takan wuce ta fita, amma wadda aka tauna ko aka huda tana iya kisa, ba shi da makari, kuma alamunsa kan yi jinkiri, yaro na wasa ka ɗauka lafiya lau. Mu kuwa mun riga mun huda fiye da goma. Mai Keken layinmu yana shirin shan ruwa ya ajiye kofin kunu ya kwashe mu zuwa asibiti, bai karɓi ko sisi ba. Ma'aikatan asibiti suka riƙe yarinyar suna duba ta har kwana biyu. Alhamdu lillahi, ba amai ba zawo, aka sallame mu.

Ƙawata, ban san da bakin da zan gode miki ba. Ma'aikatan da suka kwana a kanta, Allah ya biya ku. Uwar yarinyar kuma, ke kika fi ba ni kunya. Ina bakin gado ina kuka ina ba ki haƙuri, ke ce kike rarrashina, kuma ranar da aka sallamo ku da kanki kika riƙo hannunta kika dawo da ita cikin yara. Sauran idon zakaran mun ƙona su, yaran sun wanke hannu da sabulu, yaron da ya kawo kuma ya kai mahaifinsa inda ya tsinko aka sare kurangar. Iyaye, ku gane idon zakaran nan da kyau, ku gargaɗi 'ya'yanku.

Daren jajibere muka rataya komai, daga zaure har bakin layi. Da asuba muka tarar akuya ta shigo ta cinye dawaki uku da wutsiyar na huɗu, ta tauna igiyar kaba har inda wuyanta ya kai. Gwaggo ba ta ce uffan ba, kallona kawai ta yi. Samari suka ɗaga igiyar sama kafin a tafi idi, sauran dawaki tara kuma aka jera su a kan dakali gaban ƙofar yumɓu. Da aka sauko, mutanen da ke hanyar zuwa kallon hawan Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto. Wani mai doki ma ya ja linzami ya yi wa dawakin kara jinjina. Yaron da ya ƙera na gaba bai ci tuwon sallah ba ranar, yana tsaye yana gadi.

Sauran waɗanda ban faɗa ba: Mai unguwa da ya ba mu izinin rataya a layi, Hajiyar da ta riƙa aiko kunun tsamiya kullum, mai gyartai da ya ɗinke mana fasassun ƙore muka yi fitilu da su, matan da suka haƙura da kanwarsu da kurkur ɗinsu, da maigidana da ya rasa zaurensa kwana 19 yana karɓar baƙi a gindin dogon yaro. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Yara sun ce za a sake kafin Babbar Sallah, wannan karon raguna za su ƙera. Duk mai ƙwallon dabino ko tsohuwar ƙwarya ya ajiye mana. Akwai takalmi ƙafa ɗaya na yaro da hula ruwan toka a wurina, mai su ya aiko. Wanda kuma ya tafi da babban almakashin tela, don Allah ya dawo da shi, mutumin nan yau kwana shida da aro yake yanka.