Ledar gawayi mai lamba biyu

Yau muka cike rami na uku a wurin da muke tonon kayan tarihi, aikin hutun nan ya ƙare ke nan. Saura kwana goma sha ɗaya rajistar digiri na biyu. Da sai in kwanta da farin ciki, amma leda ɗaya tal ta hana ni sakat.

Da safe komai lafiya lau. Hotuna tun rana ba ta ɗaga ba, domin da ta yi sama inuwa za ta raba bangon rami biyu, launin ƙasa ya ɓace. Sai zanen bangon gabas a ma'aunin 1:10: ƙusa biyu, igiya a miƙe tsakaninsu an daidaita ta da ma'aunin ruwa, ana auna zurfin kowace shimfiɗar ƙasa daga igiyar duk bayan santimita 10. An fesa wa bangon ruwa kafin a gwada launi da littafin Munsell, mai jerin launukan ƙasa, don busasshiyar ƙasa duk fari-fari take fitowa. Har waƙa ake yi a wajen rariya.

Wajen ƙidayar ledoji aka samu matsala. Gawayi ne naɗe a takardar alminiyom, an ɗauke shi yadda ya kamata, hannu bai taɓa shi ba. A bayan ledar an rubuta 241 da alƙalamin maka. Takardar da ke ciki kuwa 214.

Lamba 241 tokar murhun nan ce da ke ƙarƙashin daɓe, a rufe ruf, babu abin da ya shige ta tun ranar da aka daɓe ɗakin. Ita kuwa 214 cikon wani ramin shara ne da mutanen baya suka haƙa daga sama, ya huda daɓen ya wuce. Duk abin da ke cikinsa gauraye yake, tsoho da sabo. Tun makon farko aka kwashe rabinsa don a ga fasalinsa a bango, sauran rabin kuma sai ranar da ake aikin murhun. Bokiti biyu, ƙasa iri biyu, taku uku tsakaninsu.

Na ce wa malamin da ke jagorantar aikin, "Allah ya gafarta Malam, ai da toka a jikinsa, na murhun ne."

Ya ce, "A ramin shara ba a zubar da toka?"

Na ce rubutun waje shi aka yi a bakin rami, shi ya fi kusa da gaskiya. Ya juya ledar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗakin gwaji zai faɗa maka yaushe itacen ya mutu. Ba zai faɗa maka daga ina ka ɗauko shi ba." Ya ɗauki fensir ya rubuta a rajista cewa asalinsa babu tabbas, kada a tura.

Gaskiyarsa ce, shi ya sa abin ya fi ciwo. Sinadarin kabon 14, wanda da shi ake gano shekarun gawayi, rabinsa ke zagwanyewa duk shekara 5,730, ana iya auna abu har kusan shekara 50,000 baya, kuma injinan yanzu ɗan gutsure kaɗan ya ishe su. Amma shekarun da za su fito na gawayin ne kawai. Idan na murhu ne, mun san an yi daɓen bayan wannan lokaci. Idan na shara ne, zai iya zama tsohon gawayi da aka tono aka sake zubarwa, ko sabo da ya faɗa daga sama, kuma duk jerin shimfiɗun da aka zana bisa tsarin nuna wace ta riga wace, wanda masanin tonon tarihi Edward Harris ya fito da shi a 1973, sai ya rataya a kan lambar ƙarya.

Yadda kuskuren ya faru ba wani abin mamaki ba ne. Takardun ciki sun ƙare ranar, aka rubuta bayan ledar a rami, aka bar ta ciki sai yamma, da gajiya, daga ka. Ƙa'idar kuwa mutum ɗaya ya rubuta duka biyun a lokaci guda, kafin a saka komai a leda, ya karanta lambar da ƙarfi mai rajista ya maimaita.

Mun gwada ceto. Akwai sauran tokar murhun a bangon gabas, kaurin yatsa biyu. Aka kankare santimita 5 na fuskar da ta sha iska, aka wanke cokalin gini, aka zaƙulo gutsattsari uku. Saiwa ta ratsa ta gefensu. Ƙonanniyar ƙwayar hatsi muka so samu, don ita shekara ɗaya take rayuwa, ba kamar tsakiyar babban itace ba da zai iya girme wa wutar da ta ƙone shi da shekaru ɗaruruwa. Ba a samu ba.

Bayan azahar, ciko. An shimfiɗa yadin nan mai barin ruwa ya wuce a ƙasan ramin da bangonsa, ba leda ba, don leda tana tara gumi ta ɓata abin da ke ƙarƙashi. Tankaɗaɗɗiyar ƙasa da farko, duwatsu daga baya, ana dannewa duk bayan kamu ɗaya, ƙasar sama a ƙarshe. An bar ɗan tudu, zai zauna in ruwa ya sauka. Mako bakwai na cokali da buroshi, baro da shebur suka rufe shi cikin awa huɗu.

Tsingaron da bai bushe ba an huda ledojinsa saboda fumfuna. Masu baƙin ƙanzo a ciki ba a wanke su ba.

Akwati goma sha huɗu. Ledar tana cikin na bakwai, ita kaɗai a aljihun gefe. Kafin a ɗaure akwatin sai da na sake ɗaga ta sama na duba ko huɗun nan zai koma ɗaya.