Tambaya tara da suka kai ni tsakar gidajen Rigasa

Tambaya tara ce kacal a takardar. Ranar da malamin da ke duba aikina na digiri na biyu ya miƙo mini ita, a raina na ce wannan ai aikin yini guda ne, tun da na saba fassara labarai masu tsawon gaske kafin shayi ya huce. Ashe ban san dawan garin ba.

Sunan takardar PHQ-9. Masana uku a Amurka, Kroenke da Spitzer da Williams, su ne suka wallafa sakamakon gwajinta a 2001, kuma likitoci na amfani da ita wajen gano wanda ake zargin yana da ciwon damuwa. Ana tambayar mutum abin da ya ji cikin mako biyu da suka wuce: barcinsa, cin abincinsa, ƙarfin jikinsa, yadda yake ganin kansa. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 27. Wanda ya kai 10 yawanci akan ce a ƙara duba shi da kyau. Ke nan kalma ɗaya da aka zaɓa ba daidai ba tana iya ɗaga mai lafiya ta kai shi layin asibiti, ko ta sallami marar lafiya ya koma gida da ciwonsa. Aikina shi ne in mayar da ita Hausa, in nuna cewa Hausar tana auna abin da Turancin ke aunawa. Wata ƙwararriya kan halayyar ɗan Adam, wadda ta saba ganin marasa lafiya, ita ce abokiyar aikina.

Mun bi ƙa'ida tiryan-tiryan, irin wadda Richard Brislin ya bayyana tun 1970 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar makamanciyarta. Mu biyu muka fassara, kowa shi kaɗai. Muka zauna muka daidaita, da ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero a gabanmu. Sannan aka ba wani da bai taɓa ganin asalin takardar ba ya mayar da Hausarmu Turanci. Abin da ya dawo da shi ya yi daidai da na asali kamar an tsaga kara. Na yi ta murna.

Murnar ba ta wuce zauren farko ba. A wani gida a Rigasa, cikin garin Kaduna, bayan mun gaida mai unguwa an haɗa mu da mai yi mana jagora, na zauna kan tabarma da wata dattijuwa na karanta mata tambaya ta biyu yadda muka rubuta: «Kina jin baƙin ciki, ko damuwa, ko yanke ƙauna?»

Ta dube ni sama da ƙasa. «Baƙin ciki da wa, 'yar nan? Ni ban taɓa yi wa kowa baƙin ciki ba. Abin da Allah ya ba mutum nasa ne.»

Na ce, «Ba wannan nake nufi ba, Inna.»

«To, damuwa kuwa wa ya rasa ta? Yanke ƙauna kuma, subhanallahi, musulmi ba ya yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji.»

Kalma uku, kowacce ta bi hanyarta. Ta farko ta ɗauke ta hassada, yadda ake cewa wane ɗan baƙin ciki ne. Ta biyu ta yi faɗi har ba ta ware kowa, don mai neman kuɗin makarantar yara ma yana cikin damuwa. Ta uku kuwa tuhuma ce a kan imaninta. Maki nawa zan rubuta? Kuma wannan baiwar Allah, da hira ta yi nisa, da bakinta ta gaya mini tun rasuwar ɗanta komai ya fita ranta, abinci ba ya mata ɗanɗano, dare ya raba tana zaune.

A nan na gane inda gwajin mayar da fassara ya yaudare ni. Wanda ya mayar mana da ita ɗan boko ne kamarmu. Yana ganin «yanke ƙauna» ya hango kalmar Turancin da ke laɓe a bayanta, ya ɗauko ta ya ajiye. Abin da muka gwada shi ne ko 'yan boko uku suna fahimtar juna, Inna ba ta cikin lissafin.

Daga ranar na sauya salo. Ina karanta tambaya sai in ce, «Da bakinki, me kika ji na tambaye ki?» Sannan in yi shiru in rubuta. Littafina ya cika da maganganun da ba mu kawo su a teburin fassara ba: zuciyata ta yi nauyi, ƙirjina ya cushe, jikina ya mutu, duniya ta yi mini zafi. Wanda ya fi yawan fitowa shi ne «tunani ya yi mini yawa». Abokiyar aikina ta ce ba mu kaɗai ba ne, mutanen Shona na Zimbabuwe suna da kalmar kufungisisa mai wannan ma'ana, har ta shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka na 2013.

Zaɓin amsoshin ma ya ba mu ciwon kai. Ɗaya daga cikin amsoshin da takardar ta tanada ita ce «fiye da rabin kwanakin», amma ba wanda ke lissafa rayuwarsa da haka. Sai na riƙa tafiya da ƙwayar wake goma sha huɗu a ƙullin leda, in zube su a tabarma in ce kowace ɗaya kwana ce, daga Juma'ar waccan ta sama zuwa yau, a ware mini kwanakin da abin ya zo. Tsofaffi sun fi kowa jin daɗin wannan, wata har ta ce in bar mata waken in na gama.

Tambaya ta bakwai tana son sanin ko hankalin mutum na tsayawa wuri ɗaya idan yana karanta jarida ko kallon talabijin. A gidajen da na shiga, jarida sai dai ta ƙunshin ƙosai, wuta kuma sai an ga dama. Wata matashiya a Tudun Wada ce ta ba ni mafita ba da saninta ba, da ta ce kwanan nan ba ta idar da sallah ba tare da ƙabli ko ba'adi ba, don ba ta sanin raka'a nawa ta yi. Na ɗauka na tsinci dami a kala. Amma da muka tsallaka kogi zuwa Sabon Tasha, inda Hausa ce harshen kasuwa da na coci ga jama'a da yawa da ba ita suka tsotsa ba, misalin sallah bai yi aiki ba, kuma kalmomi irin su «ƙunci» sai na yi bayani. Dole muka ajiye misali biyu, na ibada da na lissafin canjin ciniki. Kaduna ba ta barin mutum ya yi fassara da Hausar gidansu kaɗai.

Kuskure guda nawa ne ni kaɗai: na bari zagaye na biyu ya faɗo cikin azumi. Ka tambayi mai tashi sahur ko barcinsa ya rikice, ko cin abincinsa ya sauya, ko yana jin kasala, ai kowa ya zama marar lafiya. Takardun makon nan duka na ajiye su gefe, muka jira bayan sallah. Na kuma koyi kada in fara tambaya uwar miji na zaune, domin amsar ba ta wuce «Alhamdulillahi, lafiya lau».

Ta tara ita ce mai nauyi, wadda ke tambaya ko mutum na jin gara a ce ya mutu, ko yana tunanin cutar da kansa. Addini ya haramta, mutane na gudun abin kunya, kuma a lokacin dokar ƙasa na ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi. Mun gwada shigowa ta gefe: «Akwai lokacin da kike jin duniyar ta ishe ki?» Idan aka amsa, sai mu yi tambayar kai tsaye, ba kwana-kwana. Abokiyar aikina ta kafa mini sharaɗi tun farko, cewa duk wadda ta ce e, bincike ya tsaya nan, a kira ita ƙwararriyar. Sau ɗaya hakan ta faru. Na rufe littafin, muka zauna da matar har la'asar, washegari 'yar'uwarta ta raka ta ganin likita. Sai da muka yi ta lallashi, don a garin nan da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa mutane sai su ji kamar an ce hauka.

Tambaya ta biyu yanzu tana cewa: «Kina jin zuciyarki ta yi nauyi, ko ranki a jagule, ko kina ganin kamar al'amura ba za su gyaru ba?» Da aka ba wani sabon mutum ya mayar da ita Turanci, abin da ya kawo bai yi kama da na asali sosai ba, kuma ɗaya daga cikin masu jarraba ni ya ja layi ja a ƙarƙashinta. Shafi huɗu na rubuta ina kare wannan jimla. Malamina ya karanta, ya cire tabarau, ya ce in rage su zuwa biyu, in kuma sa maganar Inna a farkon babin.