Kwalbar da ba ta cikin jaka

Ƙarfe ɗaya saura na dare, barci ya ƙi zuwa. Takardar matsafin Kawu, tauraronsa a wasan labarin da muke yi, tana nan kan tebur inda ya bar ta, na kasa ɗauke ta.

Da safe kuwa lafiya lau. Na ƙarasa taswirar kogon nan da na yi kwana uku ina zana ta, har na sa wa kogin da ya ratsa tsakiyarta launi. Sabon dayis ɗina mai fuska 20 ya iso, shuɗi, da ɗan nauyi a tafin hannu. Na yini ina murna, ina ɗokin yamma ta yi.

Wata takwas ke nan muna kan labari ɗaya a Dungeons & Dragons, wasan labari da ake yi a kan tebur da takarda da dayis, bugu na biyar, na 2014, ni ke jan labarin. Kowa da tauraronsa a labarin: Yaya da mayaƙinsa, Kawu da matsafinsa, Auta da ɓarawonsa. Abin da ba ku sani ba, wanda su Yaya ma sai yau suka ji, shi ne makon jiya Auta ya miƙo mini 'yar takarda ta ƙarƙashin tebur. Ya rubuta cewa in tawaga ta kwanta barci, ɓarawonsa zai zare kwalbar maganin da ke cikin jakar mayaƙi. Ita kaɗai ta rage musu. Na karanta, na yi jim, sannan na ce ya jefa dayis. Ya samu 17, ga kuma ƙarin da ɓarawo ke da shi wajen saurin hannu. Babu ta yadda mayaƙi zai farga. Bai karya wata ƙa'ida ba, sai na gyaɗa kai na rubuta a littafina.

Yau a cikin kogo faɗa ya yi zafi, matsafi ya faɗi, ƙarfinsa ya koma sifili. Dokar a nan a fili take: duk zagaye mai shi zai jefa dayis, 10 ko sama ya ci, ƙasa da haka ya faɗi. Ci uku ya tsira, faɗuwa uku ya mutu, wanda kuma ya jefa 1 faɗuwa biyu za a rubuta masa. Kawu ya jefa, 6. Faɗuwa ɗaya.

Zagaye ya zo kan Auta. Na dube shi, ya dube ni. Kwalbar tana jikin ɓarawonsa, matsafi kuma ba shi da nisa. Ya ce zai harba kibiya.

Sai Yaya. Ya ratsa tsakanin abokan gaba biyu, ya sha sara a hanya, ya durƙusa kan matsafi yana cewa, "Kawu, kwantar da hankalinka, ga ni nan. Na zura hannu a jaka na ɗauko kwalba." Ni kuma dole na ce masa babu kwalba a jakar. Ya ɗauka mantuwa na yi, har ya juyo mini takardarsa yana nuna inda ya rubuta ta. Na maimaita. Ya gwada tsayar da jinin da hannu, 10 ake nema, ya samu 4. Kawu ya ɗauki sabon dayis ɗin nan shuɗi da na ara masa ya jefa. 1.

Ɗakin ya yi tsit. Yaya ne ya fara magana, murya ƙasa ƙasa.

"Auta, ina kwalbar?"

"Yaya, ɓarawo ne fa. Abin da zai yi ke nan."

"Wa ya rubuta shi ɓarawo? Daga sama ya faɗo?"

Auta ya ce shi a lissafinsa akwai sauran lokaci, faɗuwa ɗaya ce kawai, ya yi niyyar fito da ita a zagaye na gaba. Wa zai yi zaton 1, abin da sau ɗaya ne cikin 20? Na yarda da shi a kan wannan, na ga yadda fuskarsa ta sauya. Amma Yaya bai saurara ba, ya ce shi ma mayaƙinsa zai sare kan ɓarawo yanzu, ai abin da zai yi ke nan. Har ya ɗauki dayis. Na ce a'a, mun tashi.

Kawu bai tanka wa kowa ba. Ya daidaita takardarsa, ya ɗora fensir a kai, ya ce, "Ba komai, ai wasa ne." Wannan "ba komai" ɗin ce ta hana ni barci. Mutumin da ya cika shafi huɗu da tarihin matsafin nan, har da sunan malaminsa da 'yar'uwar da yake nema tun farkon labari.

Maganar "abin da zai yi ke nan" ta daɗe tana ci mini rai. Tauraron da ke kan takarda ba ya zaɓar komai, mai riƙe da fensir ne ke zaɓa masa. Akwai gidajen ɗabi'a tara a wasan, tsakanin kirki da mugunta, tsakanin bin doka da bijire mata, Auta kuma ya ɗauki gidan da ya zaɓa kamar lasisi. Alhali ɓarawo yana da aljihun da zai shiga ba iyaka: na attajirin da ya cuce su a gari na biyu, na masu gadi, na maƙiyi. Cikin duka waɗannan ya zaɓi jakar wanda ke tsare masa baya in yana barci.

Sai dai ba zan juye wa Auta kayan duka ba. Yaro ne, tambaya ya yi, ni na ce ya jefa. Da na ce masa sata tsakanin 'yan tawaga sai an faɗe ta a bainar tebur, da magana ta ƙare tun a can. Na karɓi takardar ne don na ga kamar za ta ƙara wa labari armashi, ban tsaya na tuna cewa sauran biyun ba su amince da irin wannan wasan ba. Littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 yana nan a kan kantata, da shawararsa ta a yi zama na musamman kafin a fara labari, kowa ya faɗi abin da yake so da iyakarsa. Na tsallake wannan zaman don ina ganin mu 'yan gida ɗaya ne, mun san juna. Ko katin X na John Stavropoulos, wanda ake taɓawa in abu ya dami mutum, da bai yi wa Kawu amfani ba. Ta yaya zai hana abin da aka ɓoye masa?

Kuma ba saɓani nake gudu ba. Daren da mayaƙi da matsafi suka yi ta ja-in-ja kan a kashe fursuna ko a sake shi, shi ne dare mafi daɗi da muka taɓa yi. Yaya da Kawu suna ɗaga murya, suna dariya a tsakani, kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ke yi.

Hanyar dawo da matsafi tana nan a cikin dokoki: tsafin tayar da matacce, cikin kwana 10 da mutuwarsa, da lu'ulu'u mai darajar zinare 500. Zan iya ajiye musu mai yinsa a gari na gaba. Amma in na yi haka ba tare da na tambayi Kawu ba, na sake yanke masa hukunci a bayan idonsa ke nan. Na tura masa saƙo wajen ƙarfe goma, na ba shi haƙuri, na tambaye shi abin da yake so. Ya karanta, bai amsa ba.

Kwanukan suna nan ban wanke ba. Taswirar ma ban naɗe ba.

Ɗazu Auta ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya tsaya a bakinta bai shigo ba. Ya ce, "Yaya ƙarami, Kawu fushi yake da ni?" Na ce ban sani ba, gobe ya kira shi da kansa. Ya ce to. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya tambaya ko ranar Asabar za mu yi wasa. Na ce za mu zauna, amma kowa ya bar dayis ɗinsa a jaka.