Kwana shida a Durban, ashe Indiyawan nan 'yan gida ne

Jiya na dawo daga Afirka ta Kudu kuma har yanzu yajin Durban bai bar bakina ba. Shi jami'in shige da fice da ya riƙa juya koren fasfona kamar ya tsinci abin ƙyama, ya tsare ni kusan awa guda da tambayoyi, na bar shi da Allah.

Ranar Juma'a na yi sallah a babban masallacin Grey Street, yanzu sunan Dokta Yusuf Dadoo aka sa wa titin, shagunan yadi da turare a jere kai ka ce Kwari ce, sai dai babu turereniya irin tamu. Ana sallamewa wani dattijo ya hango hulata ya kama hannuna wai sai na ci abinci. Na ce Baba yaushe ka zo daga Indiya? Ya yi dariya har da tari, wai shi bai taɓa taka ƙasar ba, haka ma babansa, yaren ma sai tsinci-tsinci. Kakanninsu Turawan Ingila suka kwaso aikin gonar rake da yarjejeniyar shekara biyar, jirgin ruwa na farko ya iso 1860, ana ta jigila har 1911, mutum sama da dubu 150.

Burodi aka kawo an ƙwaƙule cikinsa an cika da miyar kori da naman rago, bunny chow suke ce masa, babu cokali, wallahi har hawaye na yi amma na cinye tas, ya hana ni biyan ko sisi. Ina ci yana ba ni labari, a Cato Manor aka haife shi, suna da gida da itatuwan mangwaro, sai dokar raba unguwanni ta 1950 ta biyo ta kansu, aka ce wurin na farar fata ne, aka kwashe su zuwa Chatsworth can bayan gari, an rushe gidan yana kallo. Na tuna Sabon Gari da Nassarawa yadda Bature ya ware kowa da unguwarsa a Kano, amma dai ban taɓa jin an tashi Fagge dungurungum an ba wasu ba. Da na taɓo rikicinsu da Zulu na 1949 wanda mutum 142 suka mutu, shiru ya yi, ya ce ɗana ƙara miya.

A kasuwar Victoria Street na yi cinikin kayan yaji, matar ta fi 'yan Kurmi taurin kai, rand goma kacal ta rage min bayan na yi ta magiya, wai ni ɗan Najeriya ne muna da kuɗi.

Asabar na leƙa Phoenix inda Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, ya kafa zango a 1904, Lahadi tashar jirgin ƙasa ta Pietermaritzburg inda aka jefo shi waje a 1893 don ya zauna a taragon Turawa. Sanyi ya kore ni, ko hoto ban tsaya ɗauka ba.